Labarin Gertrud Kolmar da Kamen Ma'aikatun Barlin na 1943

Gabatarwa

A cikin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka fi sani a ƙasar Hausa da Yaƙin Hitila, gwamnatin 'yan Nazi ta Jamus da mataimakanta sun hallaka Yahudawa kimanin miliyan 6 a ƙasashen Turai. Wannan kisan ƙare-dangi shi ne Turawa su ke kira Holokos, Yahudawa kuwa suna ce da shi Shoah, watau babbar masifa. Adadi irin wannan ya kan fi ƙarfin mai karatu, ya ji shi ya wuce, gama ba ya ganin fuskar kowa a cikinsa. Saboda haka wannan takarda za ta bi sawun mace guda ɗaya, Gertrud Kolmar, wadda aka kama a ma'aikatar da ta ke aikin tilas a birnin Barlin ran 27 ga Fabrairu, 1943, aka sa ta a jirgin ƙasa zuwa sansanin Auschwitz, daga nan ba a sake jin ɗuriyarta ba.

Manufar ita ce a nuna yadda aka raba mutum da gidansa da sana'arsa da sunansa, daga ƙarshe da ransa, ta hanyar dokoki da takardun ofis, sa'an nan a nuna yadda waɗannan takardu da kansu suka zama hujjar da a ke mayar wa matattun da sunayensu.

Asalinta

An haifi Gertrud Käthe Chodziesner a Barlin ran 10 ga Disamba, 1894. Ita ce 'yar fari cikin 'ya'ya huɗu. Ubanta, Ludwig Chodziesner, sanannen lauya ne, kuma gidansu na Yahudawan nan ne da suka daɗe da zama Jamusawa a harshe da tufafi da al'ada. Uwarta da uwar shahararren malamin nan Walter Benjamin ciki ɗaya suka fito. Kakanninta na wajen uba mutanen wani ƙaramin gari ne wanda mutanen Folan su ke kira Chodzież, Jamusawa kuwa Kolmar. Daga suna na farko aka sami sunan zuriyar, daga na biyu ta ɗauki laƙabin da ta ke sa wa littattafanta, kamar dai yadda Bahaushe ya kan jingina sunansa da na garinsu.

Ta yi karatun koyar da harsuna, ta sami takardar shaida ta Faransanci da Ingilishi, ta kuma iya Rashanci. A ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya ta yi aiki a sansanin fursunonin yaƙi na Döberitz, tana duba wasiƙunsu kafin a aika. Littafinta na farko na waƙoƙi ya fito cikin 1917. Bayan wannan ta yi shekaru tana renon yara da koyar da su a gidajen mutane, har da yara kurame. Cikin 1928 ta koma gidan iyayenta a Finkenkrug, a bayan garin Barlin, domin jinyar uwarta. Da uwar ta rasu cikin 1930 sai ta zauna tana riƙe da gidan, tana yi wa ubanta aikin akawu, tana kuma rubuta waƙoƙinta ba tare da ta shiga taron marubuta ba.

Yadda aka ƙuntata wa Yahudawan Jamus

Sa'ad da Hitila ya hau mulki ran 30 ga Janairu, 1933, Yahudawan Jamus sun kai kimanin 500,000, watau ba su cika ɗaya cikin ɗari na jama'ar ƙasar ba. Kimanin 160,000 daga cikinsu a Barlin su ke zaune. Ba da kisa aka fara ba, da doka aka fara. Cikin Afrilu, 1933, aka kore su daga aikin gwamnati. Cikin Satumba, 1935, dokokin Nuremberg suka tuɓe musu cikakken 'yancin ɗan ƙasa, suka hana aure tsakaninsu da sauran Jamusawa. Abin lura a nan shi ne, waɗannan dokoki ba su dubi abin da mutum ya gaskata ba, kakanninsa suka duba. Wanda ya shiga addinin Kirista da wanda ba ya bin addini ko ɗaya, duk Bayahude ne a wurin hukuma muddin dai asalinsa ya nuna haka.

A daren 9 ga Nuwamba, 1938, aka ƙone majami'un Yahudawa a ko'ina cikin ƙasar, aka farfasa kantunansu, aka kama maza kimanin 30,000. Littafin waƙoƙin Kolmar na uku, wanda ya fito 'yan watanni kafin wannan dare a wurin wani mai ɗab'i Bayahude, shi ma aka lalatar da abin da ya rage na kofensa. Kafin shekara ta ƙare aka tilasta wa ubanta ya sayar da gidan Finkenkrug. A farkon 1939 suka koma wani gidan haya a titin Speyer, lamba 10, cikin unguwar Schöneberg, inda aka yi ta cusa musu waɗansu Yahudawa 'yan haya har ba ta da ɗakin da za ta kira nata. Tun daga ran 1 ga Janairu na wannan shekara doka ta wajabta wa kowace Bayahudiya ta ƙara Sara a sunanta, kowane namiji kuma Isra'ila, domin akawu ya gane su da kallo ɗaya.

Ƙannenta uku duk sun fita daga ƙasar. Autarsu, Hilde, ta tafi Suwizalan cikin 1938. Gertrud kuwa ta zauna, domin ubanta ya kusa shekara 80, ba ta kuwa yarda ta bar shi shi kaɗai ba. Ran 23 ga Oktoba, 1941, aka rufe ƙofar fita ga Yahudawa gaba ɗaya.

Aikin tilas

Da aka hana Yahudawa sana'o'insu sai suka zama marasa aikin yi, da suka zama marasa aikin yi kuma sai hukuma ta ce nauyi ne a kan ƙasa. Cikin Disamba, 1938, aka ba da umurni a riƙa tura su aiki ƙungiya-ƙungiya, a ware su daga sauran ma'aikata. A Barlin aka buɗe musu ofishin leburori na dabam a titin Fontanepromenade. Da yaƙi ya kwashe samarin Jamus zuwa fagen fama, ma'aikatun kayan yaƙi suka rasa hannu, sai abin ya haɗa da mata da tsofaffi. Cikin 1941 Yahudawan da a ke sa wa aikin tilas a Jamus sun haura 50,000, kusan rabinsu a Barlin. Kamfanin Siemens kaɗai yana da dubbai.

Ladan da a ke ba su shi ne mafi ƙasƙanci, a kuma yanke musu wani haraji na musamman, kashi 15 cikin ɗari, wanda ba a yanke wa Bajamushen da ke aiki a ɗaki na gaba. Ba su da hutu mai lada, ba su da kuɗin iyali. A Barlin sa'a ɗaya tak aka ba su ta sayen abinci, daga ƙarfe 4 zuwa 5 na yamma, lokacin da mai aikin ma'aikata bai tashi ba tukuna. Daga ran 19 ga Satumba, 1941, duk wanda ya kai shekara 6 sai ya ɗinka tauraro mai launin rawaya a ƙirjin rigarsa. Cikin 1942 aka hana su shiga motoci da jiragen cikin gari, sai ma'aikacin da wurin aikinsa ke da nisa ƙwarai, shi ma da takardar izini. A wannan shekara kuma aka soke musu rabon nama da ƙwai da madara.

Cikin Yuli, 1941, aka tura Gertrud Kolmar, tana da shekara 46, wata ma'aikatar kwali mai suna Epeco a unguwar Lichtenberg, can gabashin birni, wadda aka lasafta aikinta cikin ayyukan yaƙi. Daga baya aka mai da ita wata ma'aikatar kwalin a Charlottenburg. Abin da aka sani na zamanta a can ya fito daga wasiƙun da ta riƙa aika wa Hilde. Wadda a da ta ke duba wasiƙun fursunoni, ga shi yanzu nata a ke dubawa, don haka ta kan yi zance a kaikaice, ta sakaya abin da ba ya faɗuwa. Duk da haka ana ganin tashin asuba, da doguwar tafiya, da gajiyar da ta hana ta rubutu. Ana kuma ganin wani abu da mai karatu bai zata ba. Ta gaya wa ƙanwarta cewa ta ƙudura a ranta ba za ta ɗauki aikin a matsayin wulakanci kawai ba, za ta ɗauke shi kamar makaranta, ta koyi abin da za ta iya koya. Har ta kai ga ta fi samun natsuwa a ma'aikata bisa ga gidan hayar da ya cika da hayaniya. Ta ba da labarin abokan aikinta, da wani saurayi ɗalibi da suka shaƙu, da wata mace daga ƙabilar Roma wadda zamanta shiru cikin haƙuri ya ba ta sha'awa. A cikin waɗannan shekaru kuma ta duƙufa ga koyon Ibrananci har ta fara waƙa da shi, amma waɗannan waƙoƙi sun salwanta.

Ma'aikata ta zama tarko

Jirgi na farko da ya kwashe Yahudawan Barlin zuwa gabas ya tashi daga tashar Grunewald ran 18 ga Oktoba, 1941, da mutum wajen 1,000. Ran 20 ga Janairu, 1942, manyan ma'aikatan gwamnati 15 suka taru a wani gida a bakin tafkin Wannsee, Reinhard Heydrich yana shugabanta, suka tsara yadda ma'aikatun gwamnati za su haɗa hannu wajen hallaka Yahudawan Turai duka. Amma a lokacin an ɗaga wa masu aiki a ma'aikatun kayan yaƙi ƙafa, domin sojoji da masu kamfanoni sun ce ba su da madadinsu. Saboda haka duk tsawon 1942 takardar shaidar aiki ita ce garkuwar Bayahuden Barlin. Mai ita yana kwana a gida, marar ita yana jiran a ƙwanƙwasa masa ƙofa. Cikin Satumba, 1942, aka kwashe Ludwig Chodziesner, yana da shekara 81, zuwa sansanin Theresienstadt, inda ya mutu cikin Fabrairu, 1943. 'Yarsa ta rage, domin tana da aiki.

Garkuwar ba ta daɗe ba. Joseph Goebbels, ministan farfaganda kuma shugaban jam'iyyar Nazi na Barlin, ya daɗe yana matsa lamba a share birnin. Cikin Satumba, 1942, Hitila da kansa ya ce a fitar da Yahudawa daga ma'aikatun makamai. Aka sami madadinsu cikin mutanen Folan da na sauran ƙasashen da Jamus ta ci, waɗanda a ke kamowa ana kawowa aikin tilas. Daga nan jerin sunayen ma'aikata da kowane kamfani ya ke riƙe da shi, wanda jiya shi ne kāriya, ya zama jerin waɗanda za a kama. Ba sai an bi gida-gida ba, an san inda kowa zai kasance da ƙarfe nawa.

Ran Asabar, 27 ga Fabrairu, 1943, da sassafe, 'yan sandan ciki na Gestapo da sojojin SS suka faɗa wa ma'aikatu wajen 100 a Barlin a lokaci ɗaya. Aka fito da ma'aikata Yahudawa da kayan aiki a jikinsu, waɗansu ko rigar sanyi ba a bar su sun ɗauka ba, aka loda su a lori. Aka tara su a barikokin soja, da wani gidan rawa mai suna Clou, da majami'ar titin Levetzow. Aka bi gidaje aka kwaso 'ya'yansu da tsofaffinsu. Wannan shi a ke kira kamen ma'aikatu, kuma cikinsa aka kama Gertrud Kolmar.

Ba kowa ya shiga hannu ba. Kimanin mutum 4,000 sun sami labari sun ɓuya, har Goebbels ya yi ƙorafi cikin littafinsa na yau da kullum cewa waɗansu Jamusawa ne suka tsegunta musu. Waɗansu kimanin 2,000 kuma, yawancinsu maza masu auren matan da ba Yahudawa ba, an tsare su dabam a wani gini a titin Rosen. Matansu suka yi kwanaki suna tsaye a ƙofar suna neman a sako mazansu, daga baya aka saki mafi yawansu. Masana sun saɓa a kan dalili. Nathan Stoltzfus yana ganin tsayuwar matan ce ta tilasta wa hukuma, Wolf Gruner kuwa ya kawo takardun da ke nuna tun farko ba a yi nufin kwashe wannan rukuni a lokacin ba. Ko wanne ne daidai, Kolmar ba ta da mijin da zai zama mata hujja, ba ta kuma da wanda ya rage a birnin da zai tsaya mata a ƙofa.

Jirgin 2 ga Maris

Daga ran 1 zuwa ran 6 ga Maris jirage biyar suka tashi daga Barlin zuwa Auschwitz, cikin ƙasar Folan da Jamus ta mamaye, ɗauke da mutum kimanin 7,000. Kowane jirgi yana da lamba. Sunan Gertrud Sara Chodziesner yana cikin jerin jirgi na 32, wanda ya tashi ran 2 ga Maris da mutum fiye da 1,500. Kafin a sa mutum a jirgi sai ya cika takarda mai shafi da yawa, ya lissafa duk abin da ya mallaka, daga kuɗin banki har cokali da matashin kai, domin wata doka ta Nuwamba, 1941, ta ce Bayahuden da ya ƙetare iyaka dukiyarsa ta zama ta gwamnati. Hukumar jiragen ƙasa kuma tana karɓar kuɗin tafiya a kan kowane kai bisa ga nisan hanya, da rangwame in mutane sun kai 400.

A Auschwitz likitocin SS su ke tsayawa a bakin jirgi suna rarraba mutane. Wanda suka ga zai iya aiki a rubuta shi a rajista, a yi masa lamba a hannu. Sauran a wuce da su ɗakunan iska mai guba a ranar, ba tare da an rubuta sunan ko ɗaya ba. Akwai wata waya da jami'in rabon aiki na sansanin, Heinrich Schwarz, ya buga wa shugabanninsa ran 8 ga Maris, 1943, wadda ta nuna yadda lissafin ya ke. Ya ce jirgin Barlin da ya iso ran 5 ga wata ya kawo mutum 1,128. An ɗauki maza 389 da mata 96 domin aiki, mazan a ma'aikatar Buna ta kamfanin I.G. Farben. Maza 151 da mata da yara 492 kuwa an yi musu abin da ya kira kulawa ta musamman, watau an kashe su. Waɗannan mutane ne da mako ɗaya kafin nan su ke tsaye a gaban injuna a Barlin. Wannan ya isa ya nuna cewa ba neman leburori ne ya sa aka kwashe su ba.

Sunan Gertrud Kolmar bai shiga rajistar fursunonin Auschwitz ba. Shekarunta 48. Masana tarihi sun tafi a kan cewa tana cikin waɗanda aka kashe da isowar jirgin. A wannan sansani kaɗai an hallaka mutum kimanin miliyan 1.1, kusan miliyan ɗaya daga cikinsu Yahudawa, kafin sojojin Rasha su iso ran 27 ga Janairu, 1945.

Takardu iri biyu

Mai binciken tarihin wannan mata yana da takardu iri biyu a gabansa. Iri na farko nata ne. Ta ba mijin ƙanwarta, Peter Wenzel, da waɗansu dangi ajiyar rubuce-rubucenta, Hilde kuma ta adana wasiƙun, wadda ta ƙarshe a cikinsu an rubuta ta kwanaki kaɗan kafin kamen. Daga wannan ajiya aka buga wani sashe na waƙoƙinta cikin 1947, aka tara mafi yawansu cikin 1955, aka buga wasiƙun cikin 1970. A yau ana lasafta ta cikin manyan mawaƙan harshen Jamusanci na ƙarni na 20.

Iri na biyu na waɗanda suka kashe ta ne: jerin 'yan jirgi, da takardun ƙwace dukiya, da lissafin ofishin haraji. Hausawa su kan ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. A nan sarkin mugu ne ba shakka, amma da ba domin akawu da ɗan sanda da mai tsara lokacin jirgi da mai gwanjon kayan gida ba, da umurninsa bai kai ƙofar ma'aikatar kwali ba. Kowannensu ya yi aikinsa, ya sa hannu, ya ajiye kofe.

Ya kamata malamin tarihi ya kiyaye wani kuskure a nan. Ba domin waƙoƙinta aka kashe Kolmar ba, waɗanda suka loda ta a lori ba su san ta da wata waƙa ba. Kuma ranta bai fi na matar da ke tsaye kusa da ita tana naɗe kwali daraja ba. Bambancin kawai shi ne ita ta bar murya, sauran dubban kuwa ba abin da ya rage nasu sai layi ɗaya cikin takardar maƙiyi: suna, ranar haihuwa, adireshi, lambar jirgi. Amfanin wasiƙunta ga tarihi shi ne suna ba da ɗan haske a kan rayuwar da su ma suka yi ba su rubuta ba.

Yadda a ke tunawa

Daga takardu iri na biyu aka tsamo yawancin sunayen. Gidan ajiyar takardun gwamnatin Jamus ya fitar da littafin tunawa cikin 1986, birnin Barlin ya fitar da nasa cikin 1995 da sunaye fiye da 55,000. Cibiyar Yad Vashem ta Birnin Ƙudus, wadda aka kafa cikin 1953, ta tara sunaye wajen miliyan 5, waɗansu daga irin waɗannan takardu, waɗansu daga bakin dangi. Cikin 1993 aka kafa alluna 80 a jikin fitilun titi na unguwar da Kolmar ta yi zamanta na ƙarshe, kowane allo ɗauke da ɗaya daga cikin dokokin nan na ƙuntatawa da shekararta. Cikin 1998 aka shimfiɗa faranti 186 na ƙarfe a gefen layin dogo na 17 a tashar Grunewald, kowane faranti da ranar jirgi da yawan mutane da inda aka kai su. Cikin 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsai da 27 ga Janairu ta zama ranar tunawa ta kowace shekara.

Akwai kuma aikin wani mai zane Bajamushe, Gunter Demnig, wanda tun shekarun 1990 ya ke dasa ƙananan duwatsu masu fuskar tagulla, faɗin tafin hannu, a daɓen titi a ƙofar gidan da aka fitar da mutum. Ana kiransu duwatsun tuntuɓe. Kowane dutse na mutum ɗaya ne, lauya ko lebura girmansu ɗaya, kuma cikin 2023 yawansu ya kai 100,000 a ƙasashen Turai. Akwai ɗaya da sunan Gertrud Kolmar a Schöneberg. A tsakiyar Barlin kuma, kusa da babban filin tunawa da Yahudawan Turai da aka buɗe cikin 2005, akwai titi mai sunanta, wanda ya bi ta gefen wurin da ɗakin ƙarƙashin ƙasa na Hitila ya ke a da.

Ba ta da kabari, haka ma mafi yawan mutum 7,000 ɗin nan na makon farko na Maris. Abin da ya rage a yi musu shi ne a karanta jerin da aka rubuta domin a shafe su, a tsaya a kan kowane layi, a nemi sanin ko wane ne, ina ya zauna, wane aiki ya yi, wa ya sa hannu a takardarsa. Wannan aiki ne na masu tarihi da malaman makaranta, kuma har yanzu da sauran sunaye kimanin miliyan ɗaya da ba a gano ba.